Zaɓen gadar tushe a tsarin STP

Zaɓen gadar tushe shi ne matakin farko da na'urorin haɗa kwamfutoci ke bi a tsarin STP, domin tsayar da na'ura guda ɗaya wadda sauran duka za su riƙa auna nisansu daga gare ta. STP ƙa'idar sadarwa ce da ake amfani da ita a hanyoyin sadarwar Ethernet. Ma'anar cikakken sunanta ita ce tsarin bishiyar da rassanta suka kai ga kowace na'ura. Aikinta shi ne hana bayanai yin zagaye ba tsayawa a wuraren da aka haɗa na'urori da layuka fiye da ɗaya. Na'urar da ta ci zaɓen ita ake kira gadar tushe, kuma daga gare ta ake lissafa layukan da za a bari a buɗe da waɗanda za a toshe.

Kalmar gada a nan tana nufin na'urar da ke haɗa sassan hanyar sadarwa biyu ko fiye, tana tura bayanai bisa adireshin MAC. A yau an fi sanin irin wannan na'ura da sunan suwic, amma takardun ƙa'ida sun ci gaba da kiran ta gada. Ramukan da ake soka waya a jikinta su ne ƙofofinta.

Yankewar layi ba ta cika canza gadar tushe ba. Muddin akwai wata hanyar da ta rage zuwa gare ta, abin da ke canzawa shi ne hanyar da ake bi. Sabon tushe yana bayyana ne idan gadar tushe ta mutu, ko kuma wani sashe ya rabu da ita baki ɗaya.

Dalilin samar da tsarin

Masu tsara hanyoyin sadarwa sukan ja layuka biyu ko fiye tsakanin gadoji, domin idan ɗaya ya yanke ɗayan ya ci gaba da aiki. Sai dai hakan yana haifar da da'ira. Ƙunshin bayanan Ethernet, wanda ake kira firem, ba shi da wani ma'auni a jikinsa da ke raguwa har ya ƙare, saɓanin ƙunshin IP. Idan gada ta karɓi firem da aka aika wa kowa da kowa, sai ta fitar da shi ta dukkan ƙofofinta banda wadda ya shigo ta ciki. A inda akwai da'ira, firem ɗin zai dawo mata ta wata ƙofar, ta sake fitar da shi, haka za a yi ta yi. Cikin ƙanƙanin lokaci layuka su cika, teburin adireshin MAC ya rikice, sadarwa ta tsaya. Wannan yanayi shi ake kira guguwar watsa saƙo.

STP yana magance matsalar ne ta hanyar toshe wasu ƙofofi, har ya zama hanya ɗaya tak ce ke aiki tsakanin kowace gada da 'yar'uwarta. Layukan da aka toshe suna nan a ajiye, ana buɗe su idan buƙata ta taso.

Tarihi

Radia Perlman, injiniya 'yar ƙasar Amurka, ita ce ta ƙirƙiro dabarar lokacin da take aiki a kamfanin Digital Equipment Corporation, kuma ta wallafa bayaninta a shekarar 1985. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da tsarin a matsayin ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990, da wasu bambance-bambance da suka sa bai dace da na kamfanin ba.

A 2001 aka fitar da 802.1w, wato RSTP, wanda ya rage lokacin farfaɗowa bayan yankewar layi. A 2002 aka fitar da 802.1s, wato MSTP, wanda ke ba da damar gina bishiyoyi da yawa a hanyar sadarwa ɗaya. Bugun 802.1D na 2004 ya ɗauki RSTP ya ajiye tsohon tsarin, daga baya kuma aka haɗe waɗannan ƙa'idoji cikin 802.1Q. Kamfanin Cisco yana da nasa nau'o'in, PVST+ da Rapid PVST+, inda kowace VLAN ke da bishiyarta da gadar tushenta.

Lambar shaidar gada

Kowace gada tana da lambar shaida mai tsawon bayit 8. Bayit 2 na farko suna ɗauke da lambar fifiko, sauran 6 kuma adireshin MAC ne na gadar. Lambar fifiko da na'urori ke zuwa da ita daga masana'anta ita ce 32768.

Tun daga gyaran 802.1t na 2001 aka raba bayit 2 ɗin gida biyu: bit 4 na fifiko, bit 12 na lambar VLAN ko lambar bishiya. Shi ya sa a na'urorin zamani ba a iya sa fifiko sai a ninkin 4096, daga 0 zuwa 61440. Alal misali, a tsarin PVST+ gada mai fifiko 32768 za ta nuna 32778 a VLAN ta 10.

Gadar da lambar shaidarta ta fi ƙanƙanta ita ke cin zaɓe. Ana fara duba fifiko, idan aka yi kunnen doki sai a duba adireshin MAC. Da yake ba a maimaita adireshin MAC, dole a samu wadda ta yi nasara. Idan mai kula da hanyar sadarwa bai taɓa lambar fifiko ba, adireshin MAC ne kaɗai zai raba gardama, kuma sau da yawa tsohuwar na'ura marar ƙarfi ce ke zama tushe, ko da tana can gefe.

Yadda zaɓen yake gudana

Gadoji suna magana da juna ta wasu ƙananan saƙonni da ake kira BPDU, waɗanda ake aikawa zuwa adireshi na musamman 01:80:C2:00:00:00. Muhimman abubuwan da ke cikin saƙon su ne:

- lambar shaidar gadar da mai aikawa ke ɗauka ita ce tushe
- jimillar tsadar hanya daga mai aikawa zuwa tushen
- lambar shaidar mai aikawa
- lambar ƙofar da saƙon ya fito ta ciki
- daɗewar saƙon, da lokutan da tushe ya gindaya

Da zarar an kunna gada, sai ta ɗauki kanta a matsayin tushe, ta fara shelar haka da tsadar hanya 0. Idan ta ji saƙon da ke ambaton tushe mai lambar da ta fi tata ƙanƙanta, sai ta janye, ta koma yaɗa wancan. Idan kuma lambar da ta ji ta fi tata girma, ba ta kula ta. Da haka labarin gada mafi ƙanƙantar lamba ke bazuwa har ya game ko'ina.

Wajen kwatanta saƙonni biyu, ana bin abubuwa huɗun farko da ke sama ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙaramar lamba ce ke rinjaye a kowane mataki. Wanda ya yi nasara shi ne saƙo mai rinjaye, ɗayan kuma mai rauni. Kowace ƙofa tana adana saƙo mafi rinjaye da ta ji.

Ba a ƙidayar ƙuri'a a wannan zaɓe, kuma ba shi da ranar rufewa. Kwatancen yana gudana ne a duk lokacin da saƙo ya iso. Saboda haka gadar tushe ba ta da wa'adi: duk sa'ad da gada mai ƙaramar lamba ta shigo, nan take ta karɓe matsayin.

Tsadar hanya da matsayin ƙofofi

Kowane layi yana da tsada gwargwadon saurinsa. A bugun 802.1D na 1998, layi mai megabit 10 a sakan tsadarsa 100 ce, mai megabit 100 tsadarsa 19, mai gigabit 1 tsadarsa 4, mai gigabit 10 kuma 2. A sabon lissafi da ya zo daga baya lambobin sun zama 2,000,000 da 200,000 da 20,000 da 2,000. Gada tana ƙara tsadar ƙofar da saƙo ya shigo ta ciki a kan tsadar da ke rubuce a saƙon.

Bayan an san tushe, kowace ƙofa tana samun matsayi:

- Ƙofar tushe: a kowace gada da ba ita ce tushe ba, ita ce ƙofar da ta fi arhar hanya zuwa tushe. Guda ɗaya ce tak.
- Ƙofar wakilci: a kowane layi, ita ce ƙofar gadar da ta fi arhar hanya zuwa tushe cikin gadojin da ke kan layin. Ita ke aika BPDU a layin.
- Ƙofar da aka toshe: duk wadda ba ta samu ɗayan matsayin biyu ba. Ba ta tura bayanai, ba ta aika BPDU, amma tana sauraro.

Lokuta da halayen ƙofa

Tsohon tsarin ya dogara da lokuta uku, kuma na gadar tushe ne kowa ke bi:

- Lokacin gaisuwa: sakan 2. Tazarar da tushe ke bari tsakanin saƙo da saƙo. Sauran gadoji suna miƙa saƙon gaba ne idan ya iso musu.
- Iyakar daɗewa: sakan 20. Tsawon lokacin da ƙofa ke riƙe saƙon da ta adana idan ba a sabunta shi ba.
- Jinkirin turawa: sakan 15. Lokacin da ƙofa ke yi a kowane ɗaya daga matakan jira biyu.

Ƙofar da za a buɗe ba ta fara tura bayanai kai tsaye. Tana fita daga halin toshewa zuwa halin sauraro na sakan 15, inda take musayar BPDU kawai. Daga nan ta shiga halin koyo na wasu sakan 15, tana tattara adireshin MAC ba tare da tura firem ba. Sai bayan haka ta shiga halin turawa. Amfanin wannan jira shi ne labarin canji ya isa ko'ina kafin a buɗe sabuwar hanya, kada a samu da'ira ta ɗan lokaci. An lissafa waɗannan lokuta ne bisa zaton cewa gadojin da ke jere tsakanin kowane wuri biyu ba su wuce 7 ba.

Misali da gadoji uku

A ɗauka akwai gadoji uku, A da B da C, kowace an haɗa ta da sauran biyun da layi mai gigabit 1, wato tsada 4. Fifikon A shi ne 4096, na B 8192, na C kuma 32768.

A ce tushe, domin lambarta ta fi ƙanƙanta. B da C kowace ta ɗauki ƙofarta da ke fuskantar A a matsayin ƙofar tushe, da tsada 4. A layin da ke tsakanin B da C tsadar ta zo ɗaya, don haka aka koma ga lambar shaida. Ta B ta fi ƙanƙanta, sai ƙofarta ta zama ta wakilci, aka toshe ta C. Ƙofar C da aka toshe tana ci gaba da jin saƙon B duk sakan 2, mai cewa A ce tushe kuma tsadar isa gare ta 4 ce.

Abin da ke faruwa idan layi ya yanke

Yankewar layin da aka toshe

Idan layin B da C ya yanke, bayanai ba sa tsayawa, domin da ma ba ta nan suke bi ba. A tana nan a matsayinta. Abin da aka rasa shi ne hanyar ko-ta-kwana, kuma idan ba a lura an gyara ba, yankewa ta gaba za ta raba hanyar sadarwar gida biyu.

Yankewa ta kai tsaye

Idan layin A da C ya yanke, C tana ganewa nan take saboda sigina ya ɗauke a ƙofar tushenta. Tana kuma da saƙon B a ajiye a ƙofar da aka toshe, wanda ya nuna mata akwai wata hanya zuwa A. Sai ta mai da wannan ƙofa ta zama ƙofar tushe da tsada 8, ta wuce da ita halin sauraro da na koyo. Bayan sakan 30 bayanai su ci gaba da wucewa. Babu gadar da ta yi iƙirarin zama tushe.

Yankewa ta bayan fage

Idan layin A da B ne ya yanke, lamarin ya bambanta. B ta rasa ƙofar tushenta, kuma ba ta da labarin wata hanya, tunda ƙofar C da aka toshe ba ta aiko mata da komai. Sai B ta ɗauka A ta ɓace, ta fara shelar cewa ita ce tushe.

Saƙon B mai rauni ne idan aka kwatanta shi da wanda C ta adana, don haka a tsohon tsari C ba ta karɓar sa. Tana jira har tsohon saƙon ya kai iyakar daɗewa, kimanin sakan 20. Sannan ta mai da ƙofar ta zama ta wakilci, ta shiga halin sauraro, ta fara aika wa B saƙon A. Da B ta ji shi sai ta janye iƙirarinta, ta ɗauki ƙofar da ke fuskantar C a matsayin ƙofar tushe da tsada 8. Ƙofar C kuma sai ta cika sakan 30 na jira. Jimilla kusan sakan 50 ke nan kafin kwamfutocin da ke bayan B su sake samun sadarwa. A ƙarshe A ce dai tushe, duk da cewa na ɗan lokaci gadoji biyu sun yi iƙirarin matsayin.

Mutuwar gadar tushe

Idan A ta daina aiki, dole a samu sabon tushe. Gadojin da suka rage za su riƙe labarin A har ya kai iyakar daɗewa, sannan mai ƙaramar lamba a cikinsu ta yi rinjaye, wato B a wannan misali. Idan A ta daskare ne alhali sigina bai ɗauke a layukanta ba, B da C ba su da abin da zai nuna musu sai shirun da suka ji. Za su jira sakan 20, B ta zama tushe, C ta buɗe ƙofarta bayan wasu sakan 30. Idan kuwa wuta ce ta ɗauke wa A, maƙwabtanta suna ganewa nan take, kuma jiran yakan ragu.

A babbar hanyar sadarwa canjin tushe ya fi kowace yankewa tasiri, domin kowace gada sai ta sake lissafin tsadarta daga sabon wuri. Ƙofofi da yawa na iya canza matsayi a lokaci ɗaya.

Rabuwa gida biyu

Idan layukan A biyu suka yanke amma ita tana aiki, A za ta ci gaba da zama tushe a nata ɓangaren, B kuma ta zama tushe a ɗayan. Wannan ba kuskure ba ne. Kowane sashe da ke haɗe da juna yana da tushe guda, kuma gadojin wani sashe ba su da hanyar bambance tushen da ya mutu da wanda aka yanke su daga gare shi.

Dawowar layi

Idan aka gyara layin ko aka sake kunna A, saƙonta mai rinjaye ne, don haka B ta sauka nan take. Tsarin ba ya la'akari da cewa komai yana tafiya daidai a ƙarƙashin B. Ƙofofin da za su koma halin turawa sai sun sake jiran sakan 30, wato gyaran ma yana jawo tsayawar sadarwa. Layin da ke yankewa yana dawowa a kai a kai, saboda lalatacciyar waya ko wutar da ba ta tsayawa, ya fi wanda ya yanke gaba ɗaya illa, musamman idan yana kusa da tushe.

Sanarwar canjin tsari

Buɗe sabuwar hanya bai wadatar ba. Kowace gada tana da teburin da ke nuna ƙofar da kowane adireshin MAC yake, kuma a bisa al'ada ba a share adireshi sai ya yi sakan 300 ba a ji daga gare shi ba. Idan aka bar teburin haka, gada za ta ci gaba da tura firem ta tsohuwar hanya har minti 5.

Domin kauce wa wannan, gadar da ta ga canji tana aika saƙon TCN ta ƙofar tushenta. Gadar da ke sama da ita ta amsa cewa ta karɓa, ta miƙa shi gaba, har ya isa tushe. Daga nan tushe ya sa alamar canji a saƙonninsa na tsawon sakan 35, wato iyakar daɗewa haɗe da jinkirin turawa. Duk gadar da ta ga alamar sai ta rage wa'adin share adireshi daga sakan 300 zuwa 15.

Yadda RSTP ya sauya lamarin

Ƙa'idar zaɓe ba ta canza a RSTP ba, ƙaramar lamba ce dai ke cin zaɓe. Abin da ya canza shi ne saurin gane matsala da saurin buɗe ƙofa.

Na farko, kowace gada tana aika nata BPDU duk sakan 2, ko ta ji daga tushe ko ba ta ji ba. Idan ƙofa ta rasa gaisuwa uku a jere, wato sakan 6, sai ta zubar da abin da ta adana.

Na biyu, an raba ƙofofin da aka toshe gida biyu. Ƙofar madadi ita ce mai wata hanya zuwa tushe ta wata gadar. Ƙofar ko-ta-kwana kuma ita ce ta biyu da gada ɗaya ke da ita a kan layi ɗaya. Halayen ƙofa sun koma uku: zubarwa, koyo da turawa. A misalin da ya gabata, idan layin A da C ya yanke, ƙofar madadi ta C tana zama ƙofar tushe ta fara turawa ba tare da jira ba, galibi cikin ƙasa da sakan ɗaya.

Na uku, gada tana karɓar saƙo mai rauni nan take idan ya fito daga gadar da ke wakiltar layin. Idan layin A da B ya yanke, B ta yi iƙirarin tushe, C ba ta jiran sakan 20. Tana sake lissafi, ta ga har yanzu tana da hanya zuwa A, ta sanar da B.

Na huɗu, a layin da ya haɗa gadoji biyu kaɗai ana amfani da tayi da amincewa a maimakon jira. Gadar da ke sama ta aika tayi. Ta ƙasa ta toshe sauran ƙofofinta na wakilci da ke fuskantar wasu gadoji na ɗan lokaci, sannan ta mai da amsar amincewa, sai a buɗe layin. Ita ma ta yi wa na ƙasa da ita irin wannan tayi, har a kai ƙarshen bishiya. Ƙofofin gefe, waɗanda kwamfuta ko firinta ke jikinsu, suna buɗewa kai tsaye.

Sanarwar canji ma ta sauya. Gadar da ta buɗe sabuwar ƙofa ita ke yaɗa labarin da kanta ba sai ya bi ta tushe ba, kuma masu karɓa suna share adireshin nan take.

RSTP yana da rauni guda da aka sani game da mutuwar tushe. Idan akwai da'ira a cikin gadojin da suka rage, tsohon labarin tushen da ya mutu na iya yin ta zagayawa a tsakaninsu, kowace tana zaton maƙwabciyarta na da hanya zuwa gare shi, tsadar tana ta hauhawa. Abin da ke kawo ƙarshensa shi ne ma'aunin daɗewar saƙo, wanda ke ƙaruwa a kowace gada har ya kai iyaka a zubar da saƙon. Haka kuma, idan aka haɗa RSTP da gada mai tsohon tsari, ƙofar da ke fuskantar ta tana komawa tsohon salo da jinkirinsa.

Yankewar da tsarin ba ya ganewa

STP yana ɗaukar shiru a matsayin alamar cewa hanya ta yanke. Wannan zato yana da haɗari idan layi ya lalace ta fuska ɗaya kawai. Wayar gilashi, alal misali, takan zo da zare biyu, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa. A ce saƙonnin B sun daina isa C, amma na C suna isa B, kuma ƙofofin biyu suna nuna layi na aiki. C za ta daina jin BPDU, ta jira iyakar daɗewa, ta buɗe ƙofar da ta toshe. Ƙofar B kuwa da ma a buɗe take. Sai a samu da'ira ta fuska ɗaya, wato ainihin abin da aka ƙirƙiri tsarin domin hanawa.

Irin haka na faruwa idan aiki ya yi wa ƙwaƙwalwar gada yawa har ta kasa sarrafa BPDU, ko cunkoso ya sa saƙonnin suna ɓacewa. Da'irar kuma tana ƙara cunkoson, matsalar ta yi ta ruruwa.

Sanannen misali na girman irin wannan haɗari shi ne abin da ya faru a asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka, a watan Nuwamba na 2002. Hanyar sadarwar asibitin ta yi ta durƙushewa na kusan kwana huɗu, har ma'aikata suka koma amfani da takarda wajen rubuta magani da sakamakon gwaji. Bincike ya nuna cewa an yi ta faɗaɗa hanyar sadarwar ana jera gadoji har suka wuce iyakar 7 da aka gina lokutan STP a kanta.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne mai kula da hanyar sadarwa ya zaɓi tushe da kansa. Ana ba gada mafi ƙarfi da ke tsakiya ƙaramar lambar fifiko, a ba ta biyu lambar da ke biye, domin a san wadda za ta gaje ta tun kafin matsala ta auku. A na'urorin Cisco akwai umarnin da ke sa 24576 ga ta farko da 28672 ga mataimakiyarta, idan sauran suna kan 32768.

BPDU ba shi da wata hanyar tantance mai aikawa. Duk na'urar da aka soka mai ƙaramar lamba, ko bisa kuskure ko da mugun nufi, tana iya ƙwace matsayin tushe ta karkatar da bayanai ta wajenta. Kamfanoni sun samar da kariya iri-iri, kuma sunayen da Cisco ya ba su ne suka fi yaɗuwa:

- Root Guard yana toshe ƙofa idan saƙo mai rinjaye ya shigo ta inda bai kamata tushe ya kasance ba, ya sake ta idan saƙon ya daina zuwa.
- BPDU Guard yana kashe ƙofar gefe da zarar ta karɓi BPDU.
- Loop Guard yana hana ƙofar da ta daina jin BPDU shiga halin turawa.
- UDLD yana gano layin da ke aiki ta fuska ɗaya.

Kafin zuwan RSTP, Cisco ya fitar da PortFast domin ƙofofin gefe, da UplinkFast domin yankewa ta kai tsaye, da BackboneFast wanda ke rage sakan 50 na yankewa ta bayan fage zuwa 30. RSTP ya ƙunshi makamantan waɗannan dabaru a cikinsa.

Wata hanyar ita ce ɗaure layuka da yawa su zama ɗaya bisa ƙa'idar 802.3ad, wadda daga baya ta koma 802.1AX. STP yana kallon ɗaurin a matsayin layi guda, don haka yankewar waya ɗaya a cikinsa ba ta rufe hanyar, ko da yake tsadarta na iya canzawa.

Tsare-tsaren da suka biyo baya

Babban abin da ake kuka da shi game da STP shi ne barin layuka masu tsada a toshe, da kuma tilasta wa bayanai bin rassan bishiya ko da akwai gajeriyar hanya. Wannan ya sa aka samar da TRILL, wanda Radia Perlman na cikin waɗanda suka tsara shi, aka wallafa shi a RFC 6325 a 2011, da kuma 802.1aq na IEEE a 2012. Dukansu suna amfani da IS-IS wajen lissafa gajeriyar hanya, kuma suna ba da damar amfani da layuka da yawa a lokaci ɗaya. Manyan cibiyoyin adana bayanai da dama kuma sun koma haɗa na'urorinsu ta hanyar IP. Duk da haka RSTP da MSTP suna nan a yawancin na'urorin suwic da ake iya saitawa, kuma ana amfani da su a ofisoshi da makarantu da masana'antu, ko da a matsayin kariya ce daga wayar da aka soka bisa kuskure.